Ƙaramin hatsarin babur: A nemi biyan inshora ko a bari?

 

Da wuya gari ya waye rana ta faɗi a biranenmu ba a samu babur ya gogi mota ba, ko babura biyu sun yi karo a mahaɗar hanya, ko an ture kayan mai talla a bakin kasuwa. Akasarin irin wannan hatsari bai kai a kira motar asibiti ba. Fitila ce ta fashe, madubi ya karye, kan babur ya karkace, wani ya kuje a gwiwa. Jama'a su taru, a ɗaga babur, a karkaɗe ƙura, a ce a yi haƙuri ƙaddara ce, kowa ya kama gabansa. Sai an koma gida hankali ya kwanta, sannan mai babur ya tuna cewa a cikin takardunsa akwai wata da ya biya wa kuɗi, wadda ake kira inshora. Daga nan tambaya ta taso: a je wa kamfani ya biya, ko a gyara da kuɗin aljihu a rufe maganar?

Masu kawo mana wannan tambaya bayan salla kashi biyu ne. Wani lissafi ya dame shi, yana son ya san ko abin da zai karɓa ya kai wahalar da zai sha. Wani kuwa tsoron haram ne ya riƙe shi, domin ya sha jin malamai suna cewa inshora ba ta halatta ba. Dukansu suna da dalilin damuwa, sai dai akwai tambayar da ta riga tasu, ita ce: wa asarar ta faɗa wa? Mutum yana da ikon ya yafe abin da yake nasa. Ba shi da ikon ya yafe abin da yake na wani. Wanda ya riƙe wannan, sauran mas'alar za ta zo masa da sauƙi.

Wace takarda ce a hannunmu?

Da yawa daga cikinmu mun mayar da inshora takardar nuna wa jami'an hanya kawai, ba mu taɓa karanta abin da ta ƙunsa ba. Inshorar abin hawa iri biyu ce mafi shahara. Ta farko ita ce wadda doka ta wajabta, kuma wajabcinta ya samo asali ne tun zamanin mulkin mallaka, daga dokar 1945. Wannan ba ta gyara wa mai babur babur ɗinsa. Aikinta shi ne ta biya wanda mai babur ya yi wa ɓarna, ko a jikinsa ko a dukiyarsa. Ta biyu ita ce cikakkiya, wadda ta haɗa da lalacewar babur ɗin kansa da gobara da sata. Ita wannan ganin dama ce, kuma ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta sabunta farashin inshorar dole daga ranar 1 ga Janairu, 2023. A wancan tsari, babur yana biyan Naira 3,000 a shekara, kuma kamfani zai iya biyan ɓarnar dukiyar wani har Naira miliyan 1. Adaidaita-sahu yana biyan Naira 5,000 da iyakar Naira miliyan 2, motar gida kuwa Naira 15,000 da iyakar Naira miliyan 3. Waɗannan iyakoki na dukiya ne, rauni da rai suna da nasu lissafi daban. Daga 1 ga Fabrairu, 2025 kuma rundunar 'yan sanda ta shelanta tsaurara binciken wannan takarda a kan hanya.

Ke nan mafi yawan masu babura da suke tambayar ko su nemi kamfani ya gyara musu fitila, takardarsu ba ta ma ƙunshi hakan ba. Abin da ta ƙunsa shi ne haƙƙin mutumin da suka buge. Akwai kuma wata matsalar: takardun bogi da ake sayarwa a harabar wuraren yin lamba da lasisi, waɗanda babu wani kamfani a bayansu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda mutum zai iya sa lambar abin hawansa ya ga ko takardarsa ta gaskiya ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai duba takardarsa ba sai ranar da ya buge ɗan mutane, ya makara.

Abin da malamai suka ce

Mas'alar inshora ba jiya ta shigo fiƙihu ba. Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa da ya rasu a 1836, ya tattauna irin wadda 'yan kasuwa ke yi wa kayansu a jiragen ruwa, bai kuma halatta karɓar ramuwarta ba a surar da ya gani a ƙasar Musulmi. A zamaninmu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 1978 ta haramta inshorar kasuwanci, Shaikh Mustafa Zarƙa ne ya saɓa wa sauran, yana ganin halaccinta. A Disambar 1985 majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta tabbatar da haramcin, sannan ta bayyana cewa madadinta na halal shi ne inshorar taimakon juna wadda aka gina a kan kyauta.

Hujjar masu haramtawa ita ce garari, wato ciniki a kan abin da ba a san ko zai samu ba, balle adadinsa. Mutum ya biya dubu uku, ko dai ya tashi ba ko kwabo, ko ya karɓi dubu ɗari. Suka ce wannan ya yi kama da caca, ga kuma riba da ke shiga wajen juya kuɗin. A tsarin taimakon juna kuwa, wanda ake kira takaful, kowa yana zuba gudummawa ne a asusu ɗaya da niyyar a agaza wa duk wanda abin ya faɗa wa, kamfani kuma wakili ne mai kula da asusun a kan lada sananne. Mazhabarmu ta Malikiyya tana da hannu babba a nan, domin Imam Ƙarafi ya yi bayanin cewa garari yana ɓata ciniki ne na musaya, ba ya ɓata kyauta, tunda wanda aka yi wa kyauta bai yi asarar komai ba in ba ta samu ba. Suna kuma kafa hujja da yabon da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ash'arawa, waɗanda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai.

A ƙasar Sudan aka fara kafa kamfanin inshorar Musulunci a 1979, Malesiya ta yi wa takaful doka a 1984, a nan gida kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Yanzu akwai kamfanonin takaful masu lasisi, irin su Noor da Jaiz da Salam, kuma takardar abin hawa da suke bayarwa doka ta amince da ita. Wanda doka ta tilasta masa sayen inshorar kasuwanci bai sami wata ba, babu laifi a kansa. Amma uzurin tilas yana raguwa a inda takaful yake kusa, don haka ranar sabunta takarda rana ce ta gyara wannan.

In wani muka yi wa ɓarna

Nan ne gundarin maganar. Shari'a ba ta kallon ƙanƙantar hatsari, tana kallon wanda ya jawo shi da wanda ya cutu. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaid, wanda kusan kowane zaure a ƙasar Hausa ya san shi, ya ɗora wa mai hawan dabba da mai janta da mai korarta alhakin abin da ta taka. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Burunai, ta ɗauki wannan asali ta ɗora shi a kan ababen hawa na zamani: bin dokar hanya wajibi ne, kuma matuƙi yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi, sai in abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata ko laifin na wanda aka buge ne.

Malamanmu suna da ƙa'ida cewa a dukiyar mutane ganganci da kuskure ɗaya suke wajen biya. Kuskure yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke ramuwa. Wanda birkinsa ya ƙi ci ya fasa wa wani fitilar mota, bai yi saɓo ba in bai yi sakaci ba, amma kuɗin fitilar yana wuyansa. Haka nan rauni. A Malikiyya dangin mutum na wajen uba suna taya shi biyan diyyar kuskure ne in ta kai sulusin cikakkiyar diyya, abin da bai kai haka ba daga dukiyarsa zai fito, ɓarnar dukiya kuwa dangi ba sa ɗaukarta ko kaɗan. Ma'anar wannan ita ce, ƙaramin hatsari, wanda muke rainawa, shi ne ainihin wanda nauyinsa ya hau kan matuƙi shi kaɗai.

To a nan mai babur ba shi da zaɓi uku, biyu gare shi. Ko ya biya wanda ya cuta cikakken haƙƙinsa daga aljihunsa, ko ya buɗe masa hanyar inshora a biya shi. Na ukun da muka saba da shi, wato a taru a kan wanda aka buge da "yi haƙuri" har kunya ta sa ya ce ya yafe, ba zaɓi ba ne a shari'a. Hadisi ya tabbatar da cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa. Mai shayin da aka zubar wa kayan sana'a, ko yarinyar da aka kifar wa farantin talla, in suka ce sun yafe alhali dattawa goma sun kewaye su, kuma sun san in suka nemi haƙƙinsu za a ce ba su da imani da ƙaddara, wannan yafiya ba ta fito daga zuci ba. Imani da ƙaddara yana sanyaya zuciyar wanda abin ya sama, ba a saukar da shi don ya wanke wanda ya jawo ɓarnar ba. Sulhu alheri ne, Alƙur'ani ya yabe shi, amma sulhun gaskiya shi ne wanda aka fara gaya wa mai haƙƙi, "Ga abin da kake bi na, ga kuma takardata," sannan shi da kansa ya ce ya bari ko ya rage.

Wani zai ce, "Ni ba na taɓa kuɗin inshora, haram ne." Madalla da tsantseni. Sai dai tsantseni yana da farashi, kuma mai yinsa ne ya kamata ya biya. In mutum ya zaɓi ya nisanci kuɗin kamfani, to ya zura hannu a aljihunsa ya gyara wa ɗan'uwansa motarsa, ya biya kuɗin asibiti. Amma ya ƙi neman inshora da sunan tsoron Allah, sannan ya ƙi biya da sunan babu, ya bar talaka da karyayyen hannu da bashin magani, wannan tsoron Allah ne da dukiyar wani. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan wanda aka tilasta wa inshorar kasuwanci: wasu sun ce kada ya amfana da fiye da abin da ya zuba, wasu sun ce babu laifi kamfani ya biya abin da ya ɗaukar wa kansa. Amma babu malamin da ya yi saɓani a kan haƙƙin wanda aka cuta. Ba a barin abin da aka yi ittifaƙi a kan wajabcinsa don gudun abin da aka yi saɓani a kansa. Wanda ba shi da halin biya, kuma yana riƙe da takardar da za ta biya, mu a ganinmu ɓoye takardar zalunci ne.

Shi kuwa wanda aka buge, malamai da dama sun bayyana cewa ya halatta ya karɓi haƙƙinsa daga kamfanin inshorar wanda ya buge shi, ko da kamfanin na kasuwanci ne. Ba shi ya ƙulla yarjejeniyar ba, haƙƙinsa yake karɓa daga hannun wanda ya tsaya a madadin mai laifi. Sharaɗin kawai kada ya karɓi abin da ya wuce ɓarnar da aka yi masa.

In asarar tamu ce kaɗai

Idan babu wanda ya cutu sai mai babur, kamar wanda santsi ya kwashe shi ko ya faɗa rami, kuma yana da cikakkiyar inshora, a nan ne lissafi yake da gurbi, shari'a kuma ba ta hana mutum lissafi a kan dukiyarsa ba. Abubuwa uku ne ya kamata a duba a cikin takardar. Na farko, kusan kowace cikakkiyar inshora tana da wani kaso na farkon asara da aka bar wa mai abin hawa ya ɗauka da kansa, sai abin da ya haura shi kamfani yake biya. Mu ɗauka gyara zai ci Naira 30,000, kason da ke kan mai babur kuma Naira 20,000 ne, to abin da zai fito daga kamfani Naira 10,000 ne kacal. Na biyu, kamfanoni sukan yi rangwame wajen sabuntawa ga wanda ya shekara bai nemi biya ba, neman biya yana iya zubar da wannan rangwame. Na uku, a takaful, rarar da ta saura a asusu bayan an biya masu asara akan raba ta ga mahalarta, galibi kuma waɗanda ba su nemi biya a shekarar ba ne suke samun rabon. In aka haɗa da kwanakin da babur zai yi a ajiye ana jiran mai duba ɓarna, da kuɗin zirga-zirga, sau da yawa za a ga gyaran madubi da fitila ya fi sauƙi a yi shi a wurin bakanike a wuce wurin.

Sai dai kada wannan ya sa a ɗauka neman biya a takaful abin kunya ne. Ba bara ba ce, kuma ba cin amanar jama'a ba ne. Don irin wannan rana aka kafa asusun, kowa ya zuba ne da sanin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai wadata da ya bar ƙaramar asara ya gyara da kansa, don asusun ya yi ƙarfin ɗaukar wanda aka sace wa babur gaba ɗaya, muna fatan Allah Ya ba shi ladan niyyarsa. Amma magidancin da babur ɗin nan shi ne abincin gidansa, in gyaran zai cinye kuɗin cefane ko kuɗin makarantar yara, neman haƙƙinsa ya fi masa, domin ciyar da iyali wajibi ne, yafe wa asusu kuwa nafila ce. Wanda tasa cikakkiyar inshorar ta kasuwanci ce, wadda ba doka ta tilasta masa ba, fatawar da ta fi yaɗuwa a wurin masu haramtawa ita ce ya karɓi gwargwadon abin da ya zuba, sannan ya koma takaful in lokacin sabuntawa ya yi.

Gaskiya a cikin takarda

Ko an nema ko an bari, akwai abin da ba ya canzawa. Mun san yadda ake yi: a je wurin bakanike a ce ya rubuta rasit na dubu hamsin a kan aikin dubu ashirin, ko a cusa tsohuwar lotsewar tanki ta bara a cikin hatsarin jiya, ko a ce maigida ne yake tuƙi alhali yaron gida ne da ba shi da lasisi. Mai yin haka yakan lallashi kansa da cewa kamfani ne, kuɗi gare su. Alƙur'ani ya hana cin dukiyar mutane ta hanyar ɓarna bai ware kamfani ba, Manzon Allah (SAW) kuma ya barranta daga mai algus a ranar da ya sa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa. Kasancewar mutum yana ganin yarjejeniyar ba ta inganta ba, bai halatta masa ƙarya a cikinta ba. A takaful kuwa abin ya fi muni, domin kuɗin ba na kamfani ba ne, na 'yan'uwansa ne masu babura irinsa. Bakaniken da ya rubuta rasit ɗin ƙarya, da wanda ya tsaya shaida a kan abin da bai gani ba, duk suna da kasonsu na alhaki.

Gaskiyar tana farawa ne tun ranar sayen takarda. Wanda yake haya da babur, ko yake kai saƙonni da shi don kuɗi, amma ya ce na hawan gida ne don ya sami sauƙi, ya gina katangarsa a kan yashi. Ranar da zai nemi biya ita ce ranar da za a gano, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Sannan mu bambance tsakanin sanar da kamfani da neman biya. Yarjejeniyoyin inshora suna shar'anta a sanar da hatsari cikin gaggawa, kuma da yawa suna hana mutum ya ƙulla sulhu da sunan kamfani ba tare da saninsa ba. Musulmi yana kan sharaɗin da ya amince da shi matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Sanarwa ba ta tilasta wa kowa neman biya, amma tana barin ƙofa a buɗe. Muhimmancin wannan yana bayyana ne idan hatsarin da aka ce ƙarami ne ya juya. Wanda ya bugu a ka yana iya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce lafiya lau, bayan sa'o'i ko kwanaki jiri da amai su kama shi saboda jini yana taruwa a cikin ƙoƙon kai. Tsagewar ƙashi ma takan ɓuya a ranar farko. Idan an rabu a bakin titi ba a karɓi lambar waya ba, ba a ɗauki hoto ba, ba a sanar da kowa ba, to an rufe wa mara lafiya hanyar haƙƙinsa tun kafin ya san yana da shi. Ba mai babur ne yake yanke hukuncin cewa raunin wani ƙarami ne ba, aikin likita ne.

In babur ɗin ba namu ba ne

Matasa da yawa a garuruwanmu babur ɗin da suke hawa na wani ne, suna kai balas kullum, ko suna biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasu. Ɗalibai kuma sukan ari na yayansu ko na aboki. Wanda yake cikin wannan hali ba shi ne mai yanke shawarar a nema ko a bari ba, domin takardar da sunan mai babur take. Abin da ke kansa shi ne ya faɗi abin da ya faru yadda ya faru. A lallaɓa a kai babur a yi masa fenti da dare don kada maigida ya gani, cin amana ne, kuma yana iya zubar wa mai babur haƙƙinsa a wurin kamfani saboda lokacin sanarwa ya wuce. Su ma masu bayar da babura su ji tsoron Allah. Ba daidai ba ne mutum ya karɓi kuɗin gyara daga kamfani, sannan ya sake cire shi daga guminsa yaron da yake masa aiki. Asara ɗaya ba a biyanta sau biyu.

Ga masu cewa kamfanoni ba sa biya

Wannan koke ne da muke ji sosai, kuma ba za mu ce babu ƙamshin gaskiya a cikinsa ba. Yawan takardu da jan lokaci sun sa mutane da dama sun yanke ƙauna. Amma kashi mai yawa na wannan yanke ƙauna daga takardun bogi ya samo asali, da kuma rashin sanin abin da takardar ta ƙunsa. Wanda takardarsa ta gaskiya ce, ya cika sharuɗɗa, aka ƙi biyansa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma neman haƙƙi ta wannan hanya ba rashin tawakkali ba ne. Muna kuma tunatar da masu gudanar da kamfanoni, musamman waɗanda suka ɗauki sunan Musulunci, cewa hadisi ya kira jinkirin mai hali wajen biyan abin da ke kansa zalunci. Mai baburin da ya zo da buƙatar dubu goma sha biyar yana da haƙƙin a saurare shi kamar mai tirela. Duk ƙaramin haƙƙin da aka ja wa rai har mai shi ya gaji ya bari, an koya wa unguwa guda cewa takaful ma suna ne kawai. Ko ma mene ne halin kamfani, jinkirinsa ba ya sauke nauyi daga wuyan wanda ya yi ɓarnar. In an ja lokaci, shi zai fara ɗaukar ɗawainiyar wanda ya cuta, daga baya ya bi kamfani.

Nasiharmu

Ya 'yan'uwa, idan irin wannan ta faru, mu tsaya, kada mu gudu. Mu fara duba lafiyar mutane kafin lafiyar ƙarfe, wanda ya bugu a ka ko yake kukan ciwo a kai shi asibiti. Mu ɗauki hoto, mu karɓi lambar juna, mu sami shaidu, mu sanar da kamfani. Sannan mu zauna mu raba asarar gida biyu: wadda ta faɗa wa wani, da wadda ta faɗa mana. Ta farko a biya ta cikakkiya, ko daga aljihu ko daga inshora, sai in mai ita ya yafe da ransa bayan ya san abin da yake yafewa. Ta biyu mu yi mata lissafi, mu nema in nema ya fi, mu bari in bari ya fi, ba tare da ƙara ko sisi a kan gaskiya ba. Dattawan da ake kira sulhu su ma su riƙa fara tambayar wa ya cutu da nawa ya yi asara, kafin su fara ba da haƙuri.

Manzon Allah (SAW) ya ba sahabbansa labarin matsiyaci na gaskiya, wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan, ya zubar da jinin wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan su har ya ƙare. A wannan rana ba a tambayar ko fitilar ta dubu nawa ce. Gara mu biya ta a nan da Naira, tun tana da araha.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kiyaye mu daga ɗaukar haƙƙin bayinSa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sanya albarka a cikin abin da muke nema. Allah ne Mafi sani.